Batirin Jitar Bes: Me Ke Cinye Shi Tun Kafin Lokacinsa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Muna gai da mutanen Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola, da na Iware da na Kona, da duk wanda muryarmu ke isa gare shi a cikin garin Jalingo da ƙauyukan da ke kewaye. Shirinmu na yau na makaɗa ne, musamman matasan da ke riƙe jitar bes a majami'u da wuraren biki da tarukan makarantu. Amma dattawan da ke fitar da kuɗin sayen kayan kiɗa, da ma'ajin ƙungiya, da masu gyaran rediyo da lasifika, ku ma ku matso kusa, domin maganar ta shafi aljihunku da sana'arku.

Duk wanda ya saba zuwa sujada a majami'un wannan yanki, ko na Katolika ne ko na UMCN ko na CRCN, ko kuwa ya saba halartar liyafar aure inda ake ɗauko makaɗa, ya san wannan abin da zan faɗa. Ana tsakiyar waƙa, jama'a sun ɗauki amshi, sai ka ji muryar bes ta fara shaƙewa. Idan mai kiɗan ya taɓa tsirkiya a hankali sai ta fita lafiya, idan ya ɗan matsa hannu sai ta yi ƙugi mai ƙazanta. Can kuma sai ta yi ƙasa, har ta ɗauke ɗif. Nan da nan idanu su koma kan yaron da ke zaune gaban mikisa. Wani ya ce janareta ne, wani ya ce lasifika ce ta fashe, wani ya ruga ya canja kebul. A lokuta da yawa babu laifin ko ɗaya daga cikinsu. Wani ɗan batir ne mai kusurwa huɗu, mai ƙarfin bolt 9, da ke ɓoye a bayan jitar, ya ƙare. Akwai ma matasan da sun yi wata da watanni suna kaɗa jitar ba su san tana da batir a cikinta ba, saboda wanda ya sayo ta bai faɗa musu ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake saka batir a cikin jita tun farko.

Jitar bes ta lantarki da ta fara yaɗuwa a duniya ita ce Precision Bass, wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, kuma ba ta da batir. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, abin da makaɗa ke kira fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki, ita ce ke bin kebul zuwa amfilifaya. Wannan wuta ba ta da ƙarfi. Idan kebul ya yi tsawo sai kaifin sautin ya dusashe a hanya, kuma maɓallin gyaran murya da ke jikin irin wannan jita ragewa kawai yake iya yi, ba ya iya ƙarawa. Wannan ne ya sa wasu masu fasaha suka fara dasa ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sauti a cikin jikin jitar kanta. Kamfanin Alembic, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1969, yana cikin na farko-farko. A 1976 kamfanin Music Man ya fitar da StingRay, wadda shi ma Leo Fender yana da hannu a ƙirarta, kuma ita ce ta sa jita mai batir ta zama abin da talakan makaɗi zai iya shiga shago ya saya. Yau da yawa daga cikin jitocin Ibanez da Yamaha da Cort da Sire masu tsirkiya biyar da ake kawowa arewacin ƙasar nan, sababbi ko na hannu, masu batir ne. Su ne makaɗa ke kira aktif, marasa batir kuma fasif.

Amfanin mai batir a fili yake. Sautinta na isa mikisa da ƙarfinsa ko da kebul ya yi tsawo, kuma mai kiɗa yana iya ƙara kaurin murya ko kaifinta daga inda yake tsaye. Sai dai wannan na'ura da ke cikinta ba ta aiki sai da wuta, wutar kuwa daga batirin nan take fitowa, ba daga amfilifaya ba, ba kuma daga janareta ba.

To, nan ne nake so kowa ya kasa kunne sosai, domin shi ne ainihin abin da ya kawo mu.

Ku duba jikin jitarku da kyau. Ba za ku ga maɓallin kunnawa da kashewa ba. Masu ƙera ta sun ɓoye shi ne a cikin ramin da ake cusa kan kebul, wato jak. Ramin jita marar batir yana da bakin ƙarfe biyu a ciki, na mai batir kuwa uku ne. Biyu daga cikin ukun nan ba sa taɓa juna sai an cusa kan kebul, jikin ƙarfen kan kebul ɗin ne ke haɗa su, kuma da zarar sun haɗu hanyar wutar batir ta buɗe. Ma'ana, kebul na shiga jita, batir ya fara aiki. Ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa. Ko an murɗe maɓallin ƙara har ƙasa. Ko an kashe amfilifaya, an kashe janareta, an kulle ƙofar majami'a kowa ya tafi gida. Kai ko da an zare ɗaya kan kebul ɗin daga jikin amfilifaya, muddin wanda ke jikin jitar yana nan a cushe, batir yana ci gaba da zuba. Kamar mutum ne ya kunna tocila da rana tsaka ya jefa ta cikin jaka. Ba ya ganin haskenta, amma in dare ya yi zai tarar ta mutu.

Mu yi ɗan lissafi tare, lissafi mai sauƙi. Batir mai bolt 9 mai kyau, irin wanda ake kira alkalin, yana ɗauke da abin da ya kai miliamfiya 500 zuwa 600 na awa guda. Na'urorin da ke cikin jitoci sun bambanta wajen cin wuta, wasu ba sa kai miliamfiya 1, wasu sun wuce haka. Mu ɗauka taku tana cin miliamfiya 1. Ke nan batir ɗaya zai ba ku wajen awa 500. Idan ƙungiyarku tana gwajin waƙa sau biyu a mako, ga kuma sujadar Lahadi, a ce duka awa 8 ne a mako, wannan batir zai kai ku fiye da shekara guda. Amma mako ɗaya awa 168 ne. Idan aka bar kebul a jikin jita dare da rana, awa 500 ɗin nan za ta ƙare cikin mako uku. Batir ɗaya, jita ɗaya, mai kiɗa ɗaya: wannan ya ci shekara, wancan bai cika wata ba. Bambancin kawai shi ne hannun da ya zare kebul.

Kuma na san dalilin da ya sa ake barinsa. Ba ƙeta ba ce. Jitar ƙungiya ce, ba ta mutum ɗaya ba. An tashi daga gwaji da daddare, kowa na sauri ya kama hanya kafin duhu ya yi yawa, sai a jingine ta a bango yadda take, don gobe a ɗauka a ci gaba ba tare da neman kebul ba. Wanda ya kaɗa yau ba shi zai kaɗa jibi ba. Kowa yana ganin wani zai kula. Ni a ganina wannan ba matsalar batir ba ce, matsalar rashin mai alhaki ce, kuma shugaban mawaƙa zai iya kawo ƙarshenta da magana ɗaya: wanda ya kaɗa ƙarshe shi ke zare kebul, ya naɗe shi, ya sa jitar a jakarta. Sai dai a kiyaye, kafin a zare a fara rage ƙarar amfilifaya ko a kashe layin a mikisa, don kada ƙarar fashewar nan da ake ji lokacin zarewa ta yi wa lasifika lahani. Ko hutun rabin awa za a yi, zare shi ya fi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan batirin jitar bes da abin da ke cinye shi. Yanzu sai mu shiga kasuwa.

Ba kowane batir mai kusurwa huɗu ne ɗaya da ɗan'uwansa ba, ko da yake duka an rubuta musu 9V. An fara yin wannan samfurin ne a shekarun 1950 saboda ƙananan rediyoyi na hannu, kuma a cikinsa akwai ƙananan batura shida masu bolt 1.5 kowanne, an jera su a haɗe. Abin da aka zuba a cikin waɗannan shidan shi ne ya raba mai kyau da mai araha. Ku juya batirin ku karanta lambar da ke jikinsa. Idan kun ga 6F22, to na gawayi da tutiya ne, shi ne mai araha da ya cika shaguna. Idan kun ga 6LR61 ko 6LF22, to alkalin ne. Kada manyan rubuce-rubucen da ke gaban kwalin su ruɗe ku, lambar nan ita ce gaskiyar magana. Na gawayin yana ɗaukar wuta ƙasa da na alkalin, ƙarfinsa yana saurin sauka, ba ya jure dogon ajiya, kuma a hannu ma za ku ji ya fi sauƙi, domin alkalin yana kai wajen giram 45. Akwai kuma na litiyam wanda ba a cajinsa, shi yana iya ninka alkalin daɗewa, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Ga mutumin Sunkani, wannan magana tana da nauyi fiye da ga wanda ke zaune kusa da manyan shaguna. Batirin tocila da na rediyo ko'ina akwai shi, amma alkalin mai bolt 9 yakan sa mutum ya shiga Jalingo. Ranar Lahadi da safe, ko ranar ɗaurin aure ana jiran amarya, ba lokacin hawa babur neman batir ba ne. Don haka duk wanda zai shiga gari sayen tsirkiya ko gyaran lasifika, a ba shi kuɗin batir biyu: ɗaya a jita, ɗaya a aljihun jakarta. Ya duba ranar ƙarewar wa'adi da aka buga a jiki, ya kuma sayi wanda ke cikin kwalinsa a rufe. Batirin da ya daɗe a kan tebur rana na dukansa ya riga ya rasa wani kaso na ƙarfinsa tun kafin ya shiga jita.

Zafi ma abin lura ne. Kowa ya san yadda watannin Maris da Afrilu suke a nan, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ɗakin ajiya mai rufin kwano kuwa ya fi waje zafi. Zafi yana sa batir ya riƙa zubar da ƙarfinsa ko ba a amfani da shi, yana kuma sa tsohon batir ya yi yoyo. Ruwan da ke fita daga cikinsa yana cin ƙarfen maƙalin da wayoyin da ke kusa, ya bar farin gari ko tsatsa mai kore-kore. Batir kuɗinsa kaɗan ne, amma idan yoyon ya kai ga na'urar da ke ciki, gyaran na iya kai ku neman kayan da sai an aiko daga Legas. Idan za a ajiye jita wata biyu ko uku ba a taɓa ta ba, misali mai kaɗa ta ya koma makaranta ko aikin gona ya ɗauke hankalin kowa da damina, a cire batirin gaba ɗaya.

Matasa da yawa suna tambaya game da batir mai caji, kuma tambaya ce mai ma'ana ga wanda ke son rage kashe kuɗi. Ga abin da ya kamata ku sani. Yawancin masu caji irin na da, waɗanda aka rubuta wa NiMH, bolt 8.4 suke bayarwa, abin da suke ɗauka kuma bai kai rabin na alkalin ba ko ya tsaya wajen rabin, sannan suna saukewa da kansu idan an ajiye su. Sababbin da ake caja da wayar caja irin ta salula kuwa suna da wata 'yar na'ura a ciki da ke ɗaga wutar zuwa bolt 9, kuma a wasu jitoci wannan na'ura tana shigar da siririn kuka cikin sauti. Abu na biyu, ba sa yin gargaɗi: suna aiki lafiya lau har zuwa daƙiƙar da za su ɗauke. Alkalin kuwa a hankali yake sauka, yana ba mai kunne dama ya ji canji. Ban ce kada a yi amfani da mai caji ba. A gwada shi ranar gwajin waƙa, a saurara da kyau, a kuma sa ranar cajinsa a tsari. Amma ga jitar da ake zare wa kebul, alkalin ɗaya a shekara ya fi sauƙin sha'ani.

Yaya za a gane batir ya kusa ƙarewa? Kunne ne na farko. Sautin zai rage ƙarfi, kaurinsa ya ragu, sannan ƙugin nan ya fara bayyana a kan tsirkiya mafi kauri idan an buga da ƙarfi. Wasu jitocin, kamar Yamaha TRBX504, suna da 'yar fitila a baya da ke kamawa idan batir ya yi ƙasa. Na san al'adar ɗora batir a kan harshe. Tana nuna maka akwai wuta ko babu, amma ba ta gaya maka saura nawa. Mitar awon wuta da ke hannun kowane mai gyaran rediyo ita ce ke faɗin gaskiya. Sabon alkalin yakan nuna wajen 9.5. Idan ya sauko ƙasa da 8, a tanadi sabo. Idan ya kusanci 7, a canja shi, kada a jira ya kunyata ku a gaban jama'a. Wata dabara mai sauƙi kuma ita ce a manna 'yar takarda a jikin batirin ko a murfinsa, a rubuta ranar da aka saka shi. Ƙungiyar da ke da manyan taruka, kamar Kirsimeti da Ista ko lokacin bukukuwan aure bayan girbi, ta sa sabon batir kafin su, ta mayar da tsohon wajen gwaji.

Wajen canjawa a yi hankali. Wayoyi biyun nan, ja da baƙa, da ke jikin maƙalin batir sirara ne ƙwarai. A kama maƙalin da kansa a ɓalle shi, kada a ja waya. Idan jitar mai batir biyu ce, wato bolt 18, kamar Sire V7 mai ɗauke da sunan Marcus Miller, a canja su tare. Batir biyun ba don su ninka kwanaki aka sa su ba, don sautin ya samu sarari ne ya fita ba tare da shaƙewa ba, kuma idan aka haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai ja sabon ƙasa. Batirin ajiya kuma kada a jefa shi aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi. Kawunansa biyu a gefe ɗaya suke, ƙarfe na haɗa su zai yi zafi ya ƙare, har yana iya ƙona abin da ke kusa. A bar shi a kwalinsa ko a rufe kawunan da salatif. Wanda ya mutu kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

Saura kalma ɗaya ga 'yan'uwanmu masu gyara. Idan aka kawo muku jita mai batir ramin kebul ɗinta ya lalace, kada ku sa mata mai baki biyu don shi ne a hannu. Idan aka yi haka aka haɗa baƙar wayar batir kai tsaye da jikin ƙarfe, jitar za ta yi sauti, mai ita ya tafi yana murna, amma batirin ba zai sake hutawa ba ko an zare kebul. Haka ma idan an sa mai baki uku amma aka juya wayoyin. Don haka ku makaɗa, idan kuna zare kebul kullum amma batir bai wuce 'yan makonni, a buɗe ramin nan a duba. Ko an yi kuskuren haɗi, ko bakin ƙarfen ya lanƙwashe yana taɓa ɗan'uwansa, ko gumi da ƙurar hunturu sun taru sun haɗa su. Sannan ku dubi kan kebul ɗinku. Na jita zobe baƙi ɗaya gare shi. Mai zobe biyu na wani aikin ne, kuma sau da yawa ba ya kunna jita mai batir yadda ya kamata.

Dattawa da shugabannin ƙungiyoyi da ke shirin sayen sabuwar jita, ga shawarata. Ku tambayi mai shago ko tana da maɓallin da ke mayar da ita marar batir. Jitoci da yawa suna da shi, wani ɗan maɓalli ne ko kuma maɓallin ƙara ne ake ja sama. Da shi, ko batir ya mutu ana tsakiyar waƙa, sai a juya a ci gaba. Wadda fikof ɗinta kansa ke bukatar wuta, kamar na kamfanin EMG, ba ta da wannan mafita, batir na mutuwa ta yi shiru. Idan kuma kun san jitar za ta riƙa yawo hannu-hannu ba mai kula da ita, to marar batir ba koma-baya ba ce ko kaɗan. Dubban waƙoƙin da duniya ta sani da irinta aka kaɗa su, kuma har gobe manyan makaɗa suna riƙe da ita. A wuri irin namu, ni ita zan fara nuna wa ƙungiyar da ke sayen jitarta ta farko.

Lokaci ya ƙure mana. Ɗan'uwa mai kaɗa bes, ko kai ne a Sunkani ko a Iware ko a Kona, idan an tashi daga gwajin waƙa na wannan mako, juya jitarka ka buɗe murfin baya, ka karanta lambar da ke jikin batirin, ka rubuta ranar da aka saka shi, sannan ka zare kebul kafin ka ajiye ta. Shugaban mawaƙa kuma ya sanar da wannan doka a gaban kowa.

(Kiɗan rufe shiri)